Ɗaki Ɗaya, Rantsuwa Uku

Kwarin Lindell, Idaho
9 ga Yuni, 1974

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina samun sauƙi. Baba ya gaya mini an cire miki ɗinkin ƙugu, har kin fara taka ƙafar da sanda. Allah ya ƙara afuwa. Ki gaishe mini da 'yarki Lois, ina yi mata sannu da jinya. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da shiga tsofaffin gine-gine ya jawo mini.

Na kama aiki ranar 3 ga wata, kwana goma sha biyu bayan kammala karatuna. Ofishin adana kayan tarihi ne ya turo ni in auna, in ɗauki hoto, in rubuta bayanin duk tsohon ginin da ruwan sabuwar madatsar da ake ginawa zai cinye. Gine-gine talatin da ɗaya ne a jerin da aka ba ni. Na gama bakwai.

Gwaggo, da kin ga kwarin da ba ki gane shi ba. An kwashe makabarta tun Afrilu, an mai da kowa kan tudu. Na je na duba, kakanninki Anders da Ingrid Haugen suna gefen juna kamar da. Cocin ma an ɗora shi a kan tirela ya tafi.

Ga yadda maganar take, don kada ki ji ta a bakin wani. Hukumar madatsar ta yarda ta ɗauke gini ɗaya tak cikin waɗanda suka rage, ta kai shi sabon gari. Sauran za a cinna musu wuta ranar 14 ga Oktoba, don kada katako ya riƙa yawo a kan ruwa. Wanda za a zaɓa sai ya cika sharuɗɗa biyu: a san wanda ya gina shi da shekarar, kuma ya kasance yana inda aka kafa shi tun farko. Biyu ne ke takara, makarantar dutse ta 1902 da Tsohon Ɗakinmu na gumagumai. Ni zan cika fom ɗin kowanne in sa hannu kafin ƙarshen ranar 9 ga Agusta. Na gaya wa shugabata, Misis Dunaway, cewa ni jinin Haugen ne, ko za ta ba wani aikin. Ta ce ba ta da wani, in dai rubuta abin da na gani.

Na sami mabuɗin a ƙarƙashin dutsen da kika ce. Faɗin ɗakin ƙafa goma sha huɗu ne da inci biyu, tsawonsa ƙafa goma sha shida. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya mai gilashi huɗu. Allon tagullar da kika kafa yana nan, na goge shi: "Gidan farko a Kwarin Lindell. Anders Haugen ya gina shi da hannunsa a wannan wuri, 1879." A fom zan rubuta gidan farko na baƙin da suka zo noma, tunda mutanen Shoshone, 'yan asalin ƙasar, sun riga kowa zama a bakin kogin. Ina fatan ba za ki ji haushi ba.

Ina cikin awo sai ga tsohon maƙwabcinki Orval Pruitt a akwalar motarsa. Har yau bai bar gonarsa ba, ya ce sai ruwa ya taɓa masa takalmi. Ya leƙo ya ce, "Kai ne jikan Carl ƙanen Verna, da aka tura birni ya koyo riƙe tef ɗin awo? Auna da kyau, Mai Digiri. Ƙaryar Haugen miƙewa take yi idan rana ta yi zafi." Ya maimaita abin da ya shekara sittin yana faɗa, wai kakansa Silas ne ya gina gidan farko, gobara ce ta cinye shi, kuma yana da hoto. Zan je in gani, don aikina ya wajabta.

Ki kwantar da hankalinki. Ɗakinmu ya girmi makarantar da shekara ashirin da uku. Ban ga abin da zai hana a zaɓe shi ba.

Naki,
Wendell Haugen


Tacoma, Washington
18 ga Yuni, 1974

Wendell, jikan ƙanena,

Na sami wasiƙarka, Lois ta karanta mini sau biyu. Ta ce kamar rahoton asibiti, har da inci biyu. Na ce haka kake tun kana ƙarami, kai kaɗai ne yaron da ke ƙirga dankalin da ke farantinsa kafin ya ci. Ƙugu yana sauƙi. Ruwan saman garin nan ne ba ya sauƙi. Shekara saba'in da takwas na yi a inda ake roƙon ruwa, ga shi an kawo ni inda ba ya ɗaukewa. Tarin nan ka sha zuma da ruwan zafi.

Maganar Shoshone gaskiyarka ce, ka rubuta. Maganar Orval kuwa ka bar shi da halinsa. Tun muna aji ɗaya a makarantar dutsen nan yake wannan baki. Idan ya ba ka kofi ka sha, kada ka ci burodinsa, da kansa yake gasawa.

Labarin ɗakin ka san shi, kowace Ranar Magabata, bikin tunawa da waɗanda suka kafa garin, ina tsayawa a ƙofarsa in faɗa wa jama'a, shekara arba'in ke nan. Kwarinmu ba shi da itace ko na sanda. Daga dutsen arewa aka jawo gumaguman, tafiyar mil talatin da ɗaya, da bijimai. Abin da ke kan allo shi za ka sa a fom ɗinka.

Ka zuba wa ƙyauren mai, yana kuka. Ka duba kwanon da nake tara ɗigon rufi a bayan murhu. Bargon da ke kan gado na Kaka Ingrid ne, kada ka bar shi a rana.

Abu ɗaya nake so ka kiyaye. Allunan da suka kewaye gindin ɗakin, kada ka taɓa su, kada ka shiga ƙarƙashi. Macizai ne a wurin, babu abin gani.

Ba na son in mutu in bar ɗakin nan ya zama toka, Wendell. Gona ta tafi, gidan da na haifi 'ya'yana ya tafi, ban yi kuka ba. Wannan kaɗai ya rage, kuma yana hannunka.

Gwaggonka,
Verna Stroud


Kwarin Lindell
2 ga Yuli, 1974

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙugu yana ƙara sauƙi. Tarin ya tafi, na gode da maganin. Na zuba wa ƙyauren mai.

Kwana huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Zan jera miki abubuwan yadda na same su.

Na saɓa maganarki. Layi na bakwai a fom yana tambayar irin harsashin ginin, ba zan iya rubuta abin da ban gani ba. Na ɓanɓare allo ɗaya ta gabas na haska da tocila. Babu maciji. Babu harsashi kuma. Ɗakin yana zaune ne a kan manyan gumagumai biyu da suka zarce bango da ƙafa ɗaya da rabi. An sassaƙe bakinsu ya ɗaga sama kamar gaban kwalekwale, cikinsu ya goge ya yi sumul. A kan kowanne akwai huda mai faɗin inci biyu, bakinta ya cinye ta gefe ɗaya, irin cin da sarƙa ke yi wa itace idan an ja nauyi da ita. Gwaggo, an ja ɗakin nan a ƙasa, kuma ba sau ɗaya ba.

Na biyu, na je wurin Orval. Hotonsa na gaske ne: Silas Pruitt da iyalinsa a gaban ɗakin gumagumai, bayansu tudun gabas, wato a gonar Pruitt aka ɗauka. Na sa gilashin ƙara girma. Gungume na uku a saman ƙofa yana da tsaga mai kama da ƙugiya. Ɗakinmu yana da wannan tsagar, a gungume na uku, a wuri ɗaya. Na mayar masa da hoton. Ya dube ni ya ce, "Yaya, Mai Digiri, ka haɗiye ƙuda ne?"

Na uku, takardun ofishin filaye da na nema sun iso. Kin san dokar wancan lokaci: eka ɗari da sittin ga wanda ya zauna shekara biyar, ya gina gida, ya kawo shaidu biyu suka rantse sun gani da idonsu. Anders Haugen ya kai shaidunsa a watan Mayu na 1884, su ne Silas Pruitt da wata Hannah Teague, wadda mijinta ya rasu. Silas ya kai nasa a Yuli, shaidunsa Anders da Hannah. Hannah ta kai nata a Satumba, shaidunta Anders da Silas. A takardu ukun, gidan da aka siffanta ƙafa sha huɗu ne da sha shida, ƙofa ɗaya, taga ɗaya mai gilashi huɗu.

Na yi ta neman wata fassarar ban samu ba. Ɗaki ɗaya ne aka yi ta ja daga gona zuwa gona, aka karɓi filaye uku da shi.

Idan na rubuta haka, sharuɗɗan biyu sun faɗi: ba a san wanda ya gina shi shi kaɗai ba, ba a kuma san inda aka fara kafa shi ba. Idan na rubuta abin da ke kan allo, babu wanda zai zo ya leƙa ƙarƙashi. Na san haka, shi ya sa na kasa cin abinci.

Akwai abu ɗaya kuma. Ƙusoshin allunan gindin ba na zamanin Anders ba ne, na kanti ne, irin waɗanda aka kafa allon tagulla da su. Ba zargi nake yi ba. Tambaya nake yi, ko akwai abin da kika sani wanda ni ban sani ba. Idan na yi kuskure a wani wuri, don Allah ki nuna mini.

Naki,
Wendell


Tacoma
9 ga Yuli, 1974

Wendell,

Ina lafiya. Na ce kada ka shiga, ka shiga. Ka rubuta abin da za ka rubuta. Kada ka jira amsata, akwai wadda zan fara rubuta wa kafin kai.

Verna


Kwarin Lindell
20 ga Agusta, 1974

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Ina gaishe ki, ko da ba ki son gaisuwata. Yau mako shida ban ji daga gare ki ba. Na buga wa Lois waya sau biyu daga gidan mai, ta ce jikinki da sauƙi amma kin ce ba ki shirya magana ba. Ni ina nan lafiya, na ɗan rame.

Na karanta layukanki sun fi sau talatin. Ba ki kira ni jikan ƙanenki ba, ba ki sa "Gwaggonka" a ƙasa ba. Na ɗauka Misis Dunaway ce wadda za ki rubuta wa, ki ce a cire ni. Kullum ina jiran ta kira ni ofis. Da kin yi haka ma da ban ga laifinki ba.

Ranar Magabata ta wuce, ta ƙarshe a tsohon gari. Mutum arba'in da shida na ƙirga, a da ɗaruruwa ne. An ci naman gashi da masara a inuwar makaranta. Na buɗe ɗakin, amma da aka ce in tsaya a ƙofa in faɗi labarin a madadinki, na ce murya ta dishe. Orval ya daɗe a tsaye yana kallon allon da na ɓanɓare. Na mayar da shi, amma sabon ƙusa ba ya ɓuya. A karon farko a rayuwata ban ji ya zagi Haugen ba.

Na cika fom ɗin iri biyu. Ɗaya da abin da ke kan allo, ɗaya da abin da na gani. Kwana tara suna kan teburina. Ranar 9 ga wata, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, na miƙa na biyun.

Amsa ta zo jiya. Makarantar dutse aka zaɓa. Misis Dunaway ta ce rahotona shi ne mafi kyau da ta karanta bana, ta ce ta yi jayayya a taron hukumar amma sharaɗi sharaɗi ne. An riga an shafa wa ƙofar ɗakinmu jan fenti, alamar masu ƙonawa. Ta ce kafin 14 ga Oktoba dangi suna iya kwashe duk abin da suke so a ciki. Na naɗe bargon Kaka Ingrid da takarda, na cire allon tagulla. Ki gaya mini inda zan aika su.

Kin ce ɗakin yana hannuna, ga abin da hannun ya yi. Ba zan ce miki na yi nadamar abin da na rubuta ba, don zai zama ƙarya. Amma ban san yadda zan ƙara duban fuskarki ba.

Wendell


Tacoma
29 ga Agusta, 1974

Wendell, jikan ƙanena,

Ƙugu ya warke sosai, yanzu ina hawa matakala uku. Kai kuma ka ci abinci, Baba naka ya ce wandonka yana zamewa. Wannan wasiƙar da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da rubutun.

Kai mutum ne mai auna itace daidai, amma ba ka iya auna tsohuwa ba. Ba fushi na yi ba, kunya ce ta kama ni. Da na ce ka rubuta abin da za ka rubuta, abin da nake nufi ke nan. Da ka miƙa ɗayan fom ɗin saboda ni, da na ƙara wa kaina wani nauyin. Wadda na ce zan rubuta wa ba shugabarka ba ce. Opal Teague ce, jikar Hannah, wadda ta koyar a makarantar dutse. Mako uku na yi kafin in iya, mako biyu kuma ina jiran amsarta.

Na sani tun 1912. Kaka Ingrid ce ta gaya mini muna feraye dankali, wata ɗaya kafin ta rasu, ina da shekara sha shida.

Gida uku ne suka iso kwarin tare, bijimai huɗu ne da su duka. Kafin sanyi ya sauko, gumaguman ɗaki ɗaya kaɗai suka iya jawowa. A tafiya ta ƙarshe gungume ya kuɓuce a gangare ya danne Jacob Teague, mijin Hannah. Gawarsa da itacen tare suka iso. Kowane gida ya haƙa rami a jikin tudu a gonarsa, ya rufe da ƙasa, nan suke zama lokacin zafi. Idan dusar ƙanƙara ta sauko, mutum goma sha ɗaya suke kwana a ɗakin nan. Haka suka yi shekara biyar, fari bai bar su sun ƙara wani ɗakin ba.

Da lokacin shaida ya zo, aka ce jami'in filaye ba ya karɓar rami a matsayin gida. Hannah ta fara ɗaure kaya. Silas ya ce su je kawai su shaidi juna, wa zai zo dubawa? Kaka Anders ya ce shi ba zai dafa Littafi Mai Tsarki ya ce ya ga abin da bai gani ba. Silas ya ce, to, sai a kai abin inda ido zai gan shi. Suka ɗaga ɗakin, suka zura gumagumai biyu a ƙasa, suka ɗaura wa bijimai. Kowa ya kwana a ciki a gonarsa wata biyu, ya dafa abinci, ya share ƙofa, sannan sauran biyun suka je suka rantse. A ganinsu ba su yi ƙarya ba. Kaka ta ce ita dai har ta tsufa ba ta tabbata ba. Daga baya aka dawo da shi wurinmu saboda mu ne masu 'ya'ya biyar.

Sai tsoro ya biyo baya, cewa idan gwamnati ta ji za ta ƙwace gonaki ukun. Kowane gida ya koya wa 'ya'yansa abin faɗa. Mu mu ce namu ne. Su Pruitt su ce nasu ya ƙone. Su Teague ba su ce komai ba.

Ni na kafa allunan gindin a 1934, ni na sa aka rubuta allon tagulla. Tsoron gwamnati ya daɗe da wucewa a lokacin, ba zan fake da shi ba. Daɗin tsayawa a ƙofar nan nake ji. Shekara arba'in Opal tana kawo 'yan ajinta su saurare ni, ina cewa "da hannunsa", alhali kakanta ne ya mutu a ƙarƙashin itacen.

Ta amsa mini da shafi ɗaya. Ta ce ta san gungume ne ya kashe kakanta, ba ta taɓa sanin na wane gida ba ne. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba. Amma ta ce kusurwar arewa ta gonar Hannah ruwa ba zai kai ta ba, eka biyu sun rage a hannunta.

Ka ce dangi suna iya kwashe abin da suke so. To, ɗakin muke so. Ka je wurin Orval ka ce Verna ta ce ya sauko da abin da ke rataye a bangon bargarsa ta ciki. Na gan shi a 1921 a wurin rawar wani biki, Orval ma ya ga na gani.

Gwaggonka,
Verna


Kwarin Lindell
8 ga Satumba, 1974

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Ina gaisuwa da farin cikin jin kina hawa matakala. Na ci abinci, faranti biyu, ranar da wasiƙarki ta zo.

Na tambayi Misis Dunaway a rubuce ko "abin da suke so" ya haɗa da ginin kansa. Ta tambayi hukumar, suka ce in dai ya bar wurin kafin ranar wuta, ba ruwansu.

Na sami Orval yana gyaran shinge, na faɗa masa saƙonki kalma da kalma. Ya ajiye guduma. Sannan ya ce, "Shekara hamsin da uku matar nan tana riƙe da wannan. Ni kuwa na ɗauka idonta ne ba ya gani." Ya kai ni barga. Sarƙa ce mai tsawon ƙafa ashirin da biyu, ƙirar maƙera, da ƙugiya a kowane kai. Na gwada ta a hudar gumaguman, ta zauna daidai a inda itacen ya cinye. Ya ce kakansa ya ba shi ita da sharaɗin kada ya sayar, kada ya yi bayani. Na tambaye shi dalilin duk faɗan da kuka yi ta yi. Ya ce da farko umarni ne, daga baya ya zama abin hira, kuma mutum ba ya barin abin da ya iya.

Na kawo maganar tarakta, ya ƙi. Ya ce tarakta fizga take yi, za ta raba ɗakin gida biyu, doki kuwa jingina yake yi da nauyi a hankali. Zai aro manyan dawaki huɗu. Za mu jira safiyar da raɓa ta daskare a kan ciyawa, don ƙasa ta yi santsi. Tsorona shi ne kada sanyin ya makara. Tsorona na biyu, gumaguman ƙasan sun shekara casa'in ba su motsa ba. Na soka musu tsinke a wuri ashirin, na hagu ya ruɓe inci ɗaya da rabi ta baya.

Orval ya ce in gaya miki burodinsa ya fi naki.

Naki,
Wendell


Kwarin Lindell
15 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni lafiya, sai kanta a tafin hannu. Ɗakin yana kan tudu.

Sanyin bai zo ba sai ranar 11, saura kwana uku. Da sassafe kafin rana ta narkar da raɓar muka ɗaura. Mutum goma sha tara suka zo, daga gidajen nan uku. Misis Opal ta zo da kanta. Ita ta ce a cire tagar kafin a ja, ta naɗe ta da bargon Kaka Ingrid ta rungume, ta bi mu a ƙasa duk hanyar, ta ƙi shiga mota.

Da Orval ya yi wa dawakin magana suka jingina, ɗakin ya yi wata ƙara da na ɗauka ya tsage. Bai motsa ba. A karo na biyu ma haka. A na uku ƙasa ta sake shi, ya taho. Maza suka cire hulunansu.

Ranar farko muka yi rabin mil. Rana ta biyu, a gangaren rafi, gungumen hagu ya tsage ta inda na ce ya ruɓe. Muka tsaya awa biyar muka ɗaure shi da ƙarfe. Orval ya ce, "Mai Digiri, da ka yi shiru da bai ji ba." Ranar 13 da ƙarfe uku da minti goma muka sauke shi a kusurwar gonar Hannah. Duka tafiyar mil ɗaya ce da ƙafa dubu ɗaya da ɗari biyu. Yana sama da iyakar ruwa da ƙafa arba'in.

Misis Opal ta mai da tagar, ta shiga ta zauna a bakin gado ita kaɗai. Muka bar ta. Da ta fito ta tambaye ni ko awo zai iya nuna wane gungume ne ya danne kakanta. Na ce ba zai iya ba. Ta ce to, duka ne ke nan.

Jiya aka cinna wutar. Daga ƙofar ɗakin muka ga hayaƙi ashirin da tara a cikin kwarin. Na gidanki shi ne na huɗu daga kogi. Orval ya kalli nasa har ya lafa, sannan ya nemi kofi.

Tambaya biyu gare ni. Me za a rubuta a sabon allo? Na biyu, wasu sun kawo shawarar a zuba masa harsashin siminti kafin dusar ƙanƙara, a cire tsofaffin gumaguman ƙasan. A ilimin da na koya, shi ne daidai, zai ƙara masa shekaru. Misis Opal da Orval sun ce a tambaye ki.

Naki,
Wendell


Tacoma
23 ga Oktoba, 1974

Wendell, jikan ƙanena,

Ina lafiya. Ka shafa wa hannun mai. Wasiƙarka ban bar Lois ta karanta mini ba, da kaina na bi ta, da inci da minti da komai.

A allo ka sa sunaye shida, maza da mata, na Jacob Teague a sama. Ka sa shekarar. Kada ka sa "na farko", kada ka sa "a wannan wuri". Tsohon allon ka aiko mini, ni ya kamata in riƙa ganinsa.

Siminti kuwa, a'a. Ka gyara gungumen da ya tsage, ka bar ɗakin a kansu yadda kowa zai gani, kada a sake rufe gindinsa. Sarƙar a rataye ta a ciki, kusa da ƙofa. Wa ya sani ko za a sake jansa? Mu ma da muka zauna a bakin kogi mun ɗauka mun zauna ke nan.

Gwaggonka,
Verna